Om Biyu Da Rabi

Tun Litinin ruwa bai ɗauke ba a garin Ankud.
Nibaldo ya shigo shagona yana ɗiga,
ya dire rediyon jirginsa kan tebur
kamar mai dire majinyaci gaban likita:
"Herminiya, ina kira, tashar gaɓa ba ta ji na.
Ranar Alhamis kuwa za mu shiga teku."

Na kwance murfi, ƙauri ya riga ni magana.
Taransistan ƙarshe, mai ɗaga murya zuwa eriya,
ya ƙone ƙurmus.

Sabon da aka aiko mini daga Santiyago
ya zo a leda, da takardar bayaninsa shafi biyu,
kwafin kwafin wani kwafi,
lambobinta sun dushe kamar sawun kaza a taɓo.
Wai turjiyar shigarsa om huɗu.
A megahaz nawa? Ta yi gum.
Da wane ƙarfin wuta, cikin wane zafi?
Ta kau da kai, ta nuna mini tambarin kamfani.

Na yarda da ita, laifina ke nan.
Na naɗa waya yadda lissafi ya ce,
na narka dalma na liƙe,
na danna maɓalli.
Allura ta zabura:
rabin ƙarfin da na tura ya juyo gida
kamar ɗan aiken da aka rufe wa ƙofa.
Ƙarfe ya ɗau zafi, na fizge yatsa ina yarfewa.

Dare ya raba na jawo aljihun teburin babana.
Ga tsohuwar takardar wani taransista da aka daina ƙerawa,
shafi goma sha huɗu, ta yi ruwan ƙasa,
tana warin taba da gishirin teku.
Wanda ya rubuta ta ya zauna ya auna,
zango bayan zango, bai tsallake ko ɗaya ba,
ya zana da'ira cikin da'ira kamar saƙar gizo,
inda bai sani ba ya ce bai sani ba.
Duk da haka, a gefen shafi na tara,
fensirin babana ya ja layi:
"Na gwada da kaina. Ya ɗan gaza haka."

Gani ya kori ji.

Na sauke na'urar awo daga kanta, na hure ƙura.
Ba huɗu ba ne.
Biyu da rabi, da 'yar karkata gefe
wadda takardar ko ambatonta ba ta yi ba.
Na warware naɗi ɗaya, na ƙara ƙaramin kafasita,
na murza, na murza, ina riƙe numfashi,
har allurar komowa ta kwanta
kamar kare da ya gane maigidansa.
Ƙarfe ya tsaya ɗumi-ɗumi.

Daren Alhamis iska na girgiza langa-langa.
Ina shan shayi rediyon shago ya yi kaki,
muryar Nibaldo daga can bayan tsibirai,
ba gaisuwa, ba godiya,
yana tambayar farashin kifi a kasuwar gobe.

Na ɗauki fensir, na soke huɗun nan,
na rubuta nawa da kwanan wata,
na sa ta aljihun tebur, ƙarƙashin ta babana.