Dare Ɗaya Tsakani

Kaka ta kama, ɗinyar bakin rafi ta soma zuba.
Kafin asuba jemagu sun ci rabonsu,
abin da suka bari shi ne namu.
Gwamma ta ce kar in hau, kar in kaɗa,
wadda ta faɗo don kanta
ita ce ta yarda a sha ta.

Ina biye da kwando, raɓa har gwiwa,
tana gaba tana tsinta tana sansanawa.
Mai tsutsa ta akuya ce.
Mai jan ciki a bar ta, ba ta gama shawara ba.
Baƙa wuluk, mai taushin kunnen jariri,
ita kaɗai ke zuwa gida.

A turmi ba a daka ta, lallashi ake yi,
taɓarya ta sauka kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar suruki,
don in ƙwallo ya fashe
ɗaci ya shiga, ba ya fita.
Sai tukunya mai hudajjen gindi,
a shimfiɗa mata tsaftatacciyar ciyawa,
a zuba, a bi da ruwan rijiya, a koma gefe.
Ɗis.
Ɗis.
Na taɓa ƙirgawa har ɗari uku, barci ya sace ni.

Wuta kuwa ba kowace ba.
Kara yana da gaggawa, ƙirya tana da zuciya,
ita busasshen marke take so.
Tun hantsi take kwashe kumfa da ludayi
har inuwar rumbu ta taɓa danga.
Ta ɗiga a farce, ta karkata yatsa,
in ya tsaya bai gangara ba, maɗi ya yi.

Shekarar da aka yi titin Sumaila
wani direban katafila, mutumin kudu, ya zauna gindin murhunmu.
Ya ce a garinsu ba a barin tururin nan ya tafi,
rufe tukunya ake yi, a ja shi ta bututu cikin ruwan sanyi,
ya sauko fari tas, yana ƙona maƙogwaro.
Gwamma ta yi dariya har ta share ido.
Ta ce, ku kuna bin wanda ya gudu,
ni ina riƙon wanda ya zauna.

Amma ta san ɗaya hanyar.
Uwarta Tambai, Bamagujiya ce,
randunanta bakwai, ranar buki ba a ganin gindinsu.
Ban ji wannan a bakinta ba sai ranar da matar Mantau ta kama naƙuda,
aka zo aka tafi da ita da la'asar,
tatacce na cikin randa, ba a ɗora ba.
Haihuwa ta yi gardama, ta kwana, ta wuni.
Da ta dawo randa na magana ita kaɗai,
ƙananan ƙwai na tasowa suna fashewa.
Ta sunkuya, ta ja numfashi, ta daɗe a haka.
Ta ce, ƙamshin zanen innata ke nan.
Sannan ta ce in kama mata,
muka kai gindin ɗinyar muka tuntsurar.
Bunsurun Cindo ya lashi abin da ya lasa,
ya wuni yana gaida turke.

A hanya ta ce, ka gani ko,
tsakanin abin da nake sayarwa a ƙofar masallaci
da abin da na baro a gidanmu
dare ɗaya ne, sai rashin wuta.

Bana na gwada a tukunyar dalma.
Na tsinta da kaina, na tace, na tsare kumfa.
Waya ta yi ƙara, na juya baya kaɗan,
ya kama a gindi.
'Yata ta lasa ta ce da daɗi.
Ba ta san wancan ba.