Rahoton Mako Huɗu

Ranka ya daɗe, ka ce in kawo rahoto,
layi biyar, kada ya wuce.
To ga lissafi kafin shayinka ya huce:
wasa huɗu, mun ci ɗaya,
uku an ci mu, har da na Kumo
wanda ba na so a tuna mini.

Sai dai layi biyar ba zai ɗauki Rifkatu ba.
'Yar Kaltungo, doguwa kamar gorar tsinko mangwaro,
in faifai ya tashi sama nata ne,
amma da ya sauka a hannunta
sai ƙafafun su manta doka, su ce a ruga.
Sau tara na ƙirga a wasan farko.
Asabar ɗin nan sau ɗaya.
Ta tsaya cak, ta kafa ƙafa guda,
ta juya kamar ƙyaure.
Wannan a wane layi zan sa shi?

Murjanatu tana da hannu, Allah ya ba ta.
Jifarta na yanka fili kamar reza a atamfa,
amma ba ta ganin kowa sai Dudu,
ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya.
Mai tsaronta na ƙirga, shida, bakwai, takwas,
Godiya na can ita kaɗai tana ɗaga hannu
kamar mai tsaida keke a Tashan Dukku.
Na ce, Murja, ku bakwai ne a fili.
Ta ce, Malama, na sani.
Ba ta sani ba tukuna.

A Kumo hadari ya haɗo daga gabas.
Muka jefa, iska ta karɓe,
ta kai wa wani mutum cikin gyaɗarsa.
Su sun iya jifa ƙasa-ƙasa, mu muna ta cilla wa Allah.
Goma sha uku da huɗu.
Laifina ne, ban koya musu iska ba,
ni ma a ranar na fara karatunta.

Na Bajoga shi ne zancen.
Ka san wasan nan ba alƙali, ba usur,
kowa da bakinta za ta yi wa kanta shari'a.
Muna kunnen doki, saura ci ɗaya a tashi,
Hassu ta yi tsalle ta cafke a gidan ci,
muka ɓarke da guɗa, ni har ɗankwali ya zame.
Sai ta dubi ƙasa.
Ta ce, ƙafata ta taka waje.
Ba wanda ya gani. Wallahi ko ni ban gani ba.
Ta miƙa musu faifan, suka ci.

A mota ba mai yi mata magana
har muka wuce Malam Sidi.
Can Rifkatu ta karya rakenta,
ta miƙa baya ba tare da ta waiwaya ba.

Yanzu kayan aiki.
Faifai uku gare mu: ɗaya ya tsage,
ɗaya karen maigadi ya ɗanɗana.
Takalma, huɗu ke karɓa-karɓa.
Fili kuwa sai samarin ƙwallo sun gaji,
suna fita suna tambaya ko tankaɗe za mu yi.
Kakar Dudu ma ta aiko:
a zamaninta faifai ƙwarya yake rufewa,
wa ya ce a jefar da shi?
Ta kuma ce a gaya mata ranar wasa na gaba.

Ka tambaya ko a rushe su a huta.
Ranka ya daɗe, shuka ce mai kwana talatin,
ba a tona ta a duba ko ta yi 'ya'ya.
Ka ba ni faifai biyu da filin Talata bayan la'asar.
Kofi ban yi alkawari ba.
Jiya da magariba na leƙa ta tagar ofis,
na hangi Murjanatu a bayan ɗakin karatu,
tana jifa, tana sake jifa,
kuma wadda ke cafkewa Godiya ce.

Na wuce layi biyar.
A yi haƙuri.