Usur a Wuyana

A Harbo ba mu da ɗakin sauya kaya,
sai tsohon aji uku na firamare
wanda iska ta yaye rabin kwanonsa.
Nan yarana ke tuɓe riguna,
nan warin safa da zufa da man zafi ke kwana.
Ni kuwa ina waje, gindin darbejiya,
ina zana dabaru a ƙasa da tsinke.
Na ce abin da ke ciki nasu ne,
fili ne nawa.

Jazuli ya zo mana bayan girbin gero,
siriri kamar karan dawa,
tafin hannu kamar faifai,
sai dai harshe na sarƙe masa.
Kafin ya ce Koci sai ya ce ko, ko, ko.
Suka sa masa Koko,
wani ya ce a sayo ƙosai.
Na ji. Har murmushi na yi.

Ni na kira Haladu kyaftin,
na ce yaron nan ɗanye ne, ku gasa shi.
Ina ɓare gyaɗa na faɗa,
ban ko ɗago kai ba.

Suka gasa.
Safar mutum goma sha ɗaya shi ke cuɗawa
a bakin tuƙa-tuƙa, mata na kallo.
Lemon manya daga aljihunsa,
kuɗin da ya tara a yankan riɗi.
Ran Talata ƙarangiya cikin takalmi.
Ran Alhamis wandonsa a sandar tuta,
shi yana lungu da buhun taki a ƙugu,
ana haska shi da waya.
Dariya ta biyo tagar da ba ta da murfi
ta iske ni a inuwa.
Na ce haka ake ƙera maza.
Ai mu ma an yi mana,
ga tabon nan a gadon bayana,
shekara ashirin ina kiransa tarbiyya.

Ran wasanmu da Aujara
ya tare fenareti biyu.
Haladu aka ɗaga a kafaɗa,
shi ya tsinci robobin ruwa.
Da magariba ya biyo ni har zaure,
ya buɗe baki, ko, ko,
jijiyar wuyansa ta miƙe, ko,
na dubi agogo.
Na ce gobe, Jazuli, gobe.

Da goben ta zo
sai safar hannunsa a jikin ƙusa,
wankakkiya, ɗaya kan ɗaya.

Bayan kwana tara ubansa ya zo,
Malam Ila mai faci, hannu duk baƙin taya.
Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.
Ya ce tuwo na kwana a gabansa,
in ya jiyo usur sai ya ja asabari.
Ya ce, na ba ka yaro mai in'ina,
ka maido mini bebe.

Ran nan na fara taka ajin.
Taku goma sha huɗu ne daga bishiyata,
na ƙirga.
A allo an zana koko da ludayi,
an sa masa safar gola.
Na ce wa ya yi wannan?
Shiru, sai kwano na ƙara a sama.
Can Haladu ya dube ni, babu ko tsoro,
ya ce, Koci, ai kai ka ce.

Yanzu ciki nake zama,
kan bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ce.
Safar na nan a ƙusa, na hana a taɓa.
Mun sha uku a hannun Jahun, ban yi faɗa ba.

Kullum bayan la'asar
nakan cusa usur cikin riga,
in bi ta ƙofar gidan mai faci.
In yi sallama, a amsa,
a shimfiɗa mini tabarma.
Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan asabari.
Na haddace abin da zan faɗa tun a hanya,
sai in buɗe baki,
Ja, Ja, Ja,
harshe ya ƙi.