Fadama da Jigawa

Na ari man kaɗen Hansai ran Laraba,
na laɓta har bayan kunnuwa.
Kwana uku, goshina ya fid da shuka,
ƙuraje reras kamar gero bisa kunya.

Iya Tabawa ta kamo haɓata,
ta juya ni wajen hasken ƙofa:
“Ke fadama ce, maiƙo gare ki.
Wa ke ban ruwa inda ruwa ya kwanta?
Hansai ko jigawa ce,
tana shanye mai kafin ta kai rijiya.”

Ta gutsuro min sabulun salo.
“Safe da dare. Ki kau da farcenki, ki bar matsa.”

Na mai da gwangwani wurin mai shi.
Hansai ta leƙa, ta ce saura rabi,
ran kasuwar Gujungu sai na biya.