Katin Mutari

Ranar Talata na sake zura ka a wandon sikeli,
ka yi lilo kamar gugar da ta dawo ba ruwa.
Allura ta tsaya inda ta tsaya tun watan jiya:
kilo biyar da ɗigo takwas.
Layin katinka ya kwanta shame-shame
kamar hanyar Tanut da tsakar rana.

In ka girma, Mutari, kada a ce maka yunwa ce.
Buhun gero na jingine a bayan ƙofa,
babanka na aiko da kuɗi daga Agadas,
nono ma akwai, har yana jiƙa mini riga.
Ni ce ba na nan.

Ina zaune a tabarma, kana kuka a cinyata,
ina jin kukan kamar daga wani gida can bayan Birni.
Kunu ya huce a kwano, ya yi fata,
ƙuda suka sha rabonka ina kallo.
Na san ya kamata in tashi.
Sai dai wani ya ɗauko dutse
cikin duwatsun nan da suka tsugunna a garinmu
ya aje mini a ƙirji, ya tafi bai bar sallahu ba.
Da dare idona biyu, ina ƙirga azara,
har masu ruwa su fara tura bidon kafin kiran assalatu.

Aka ce iska ce, aka turara ni har na yi tari.
Aka ce sangarta ce, wace mace ce ba ta haihu ba?
Kakarka ta ce in gode wa Allah.
Na gode. Dutsen bai motsa ba.

Abin da ya tsorata ni ba ramarka ba ce.
Wata safiya ce ka farka, ka dubi bango,
ba ka neme ni da ido ba.
Wata bakwai gare ka, har ka koyi fid da rai.

Madam Sahura ta naɗa maka zaren awo a dantse,
ya tsaya a rawaya, yana leƙen ja.
Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.
Ta rufe littafi, ta aje biro.
Ta ce, “Ke fa, Fasuma, yaushe rabonki da barci?”
Tun ranar suna kowa kai yake tambaya.
Na buɗe baki, magana ta ƙi,
ruwan da aka daɗe da ɗaukewa ya dawo gaba ɗaya.

Ta ce abin yana da suna, kuma ba ni kaɗai ba ce.
Ta haɗa ni da likita.
Duk Alhamis mukan zauna mu biyar a bayan asibiti,
kowace da nata dutsen.
Atine ta zo daga Mirriya da ƙullin kayanta,
ita ke goya ka da hantsi, ni in runtsa.

Ban warke ba tukuna.
Akwai ranakun da ko tsintsiya ta fi ƙarfina.
Amma yau allura ta ɗan gusa:
shida da ɗigo ɗaya.
A Kasuwar Dole ko tayawa ba za a yi ba.

Da na ciro ka daga sikeli
ka cafki ɗan kunnena ka ja.
Na ji zafi, Mutari.
Na ji.