Baƙon Tafkin Jabi

Ni Tankari, ɗan Sarkawan Gaya,
an haife ni ruwa na kaɗa gadon uwata.
Yau ga ni a Abuja, ƙasar da ba tamu ba,
ina gadin jirgin yawon wani,
cikinsa kuma nake kwana.

Fari ne, da sunansa a gefe da boko.
Ban iya karantawa ba, sai na raɗa masa Balbela.
Kujeru goma sha biyu, rumfar tamfol,
ƙarƙashin ta ƙarshe na tara duniyata:
risho, buta, bargo mai hoton damisa,
da 'yar rediyon da ba ta kamo gida sai dare ya raba.

Sanyin bana da haƙoransa ya zo.
Da asuba tafkin na tururi kamar tukunyar koko,
amma taɓa ka ji.
Ina alwala, yatsuna na rantsuwa ba su san ni ba.
Alƙibla kuwa kullum sai na sake nemo ta,
don jirgi yakan juya da dare bai shawarce ni ba.

Ran Litinin babu masu yawo.
Sai in ƙara wa igiya ƙulli, in hau tudu,
ƙasa ta yi ta lilo da ni har bakin titi,
masu wankin mota na cewa na sha wani abu.

Na shiga katafaren kantin da ke kallon ruwa,
wanda fitilunsa ke zuba a tafki su hana kifi barci.
Akwai matakala mai tafiya da kanta,
na tsaya ina ba ta hanya
har wani yaro ya ja hannuna.
Akwai itacen roba da taurari a jikinsa,
da auduga a rassa, wai ƙanƙara ce.
Can ciki na ga kifi kwance a gilashi, ido buɗe,
an manna masa farashi a goshi.
Na juya kuɗin zuwa sefa a zuci,
na ce, Allah sarki ɗan'uwa,
kai ma ci-rani ka zo?

A Utako na sha shayi wajen wani mutumin Doso.
Ya ji yadda na ce madara hwara,
ya ture hannuna da kuɗin.

A Wuse na hau gadar ƙafa, na tsaya tsakiya.
Motoci na malala ƙasa kamar Kwara in ta cika,
ga garke, ga garke, ba mai jefa koma.
Garin nan kowa da ƙofarsa,
kowace ƙofa da mai gadinta,
in ka tone shi da hira, shi ma wani kogi ya baro.

Jiya Habsu ta kira, tana tambaya
gidan naka ɗaki nawa ne?
Na ce ɗaya, amma tsakar gidan ba a sharar ta,
kuma wata yakan sauko ya yi wanka a ƙofata.
Ta yi dariya har katin ya ƙare.
Ban gaya mata tarin ba.

Oga ya hana ƙugiya, wai ƙarni na korar baƙi.
To. Jirginsa ne.
Amma filafilin babana na nan cikin bargo,
bakinsa ya cinye, hannunsa ya yi santsi.
In masu kiɗa sun tashi, an kashe janareta,
nakan kwance igiya ba tare da na ta da inji ba,
in tura sau bakwai, sau takwas,
har inda ƙarar gari ke nutsewa.

Nan nake zama, bargo a ka,
ruwa na lasar gefen Balbela.
Shi dai da harshen gida yake magana.