Ƙuri'a Bakwai

Damina ta riga ni fitowa takara.
Daren da muka liƙa hotunana a bangon kwaleji,
ni da Jibin da bokitin ƙullun rogo,
kafin asuba ruwan Alappuzha ya wanke mini rabin fuska,
ya bar ido ɗaya yana kallon mashigar jirage.
Mai ɗab'i kuma ya haɗiye harafi guda a sunana,
Nimisha ta koma Nimsha.
Jibin ya ce bar shi, gajeren suna ya fi daɗin kira.

Kuɗin takardun daga 'yan kunnena suka fito.
Ban gaya wa Baba ba.
Shi dai tun duku-duku yana kan jirgin fito,
yana ƙetarar da masu zaɓena da masu ƙina,
kowa kuɗinsa ɗaya.

Ba ni da jam'iyya, ba ni da tuta.
Littafi gare ni mai shuɗin bango.
Ɗaki-ɗaki na bi ina rubuta
abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya:
famfon hawa na uku da ya shekara yana tari ba ruwa,
ƙofar ɗakin kwanan mata da ake datsewa shida da rabi
alhali laburare sai tara yake rufewa,
jirgin ƙarshe da ke tashi malami na tsakiyar jimla.

Ranar muhawara, a gindin mangwaro,
Vaishakh ya zo da ganguna da mutum ɗari biyu.
Shekara biyu benci ɗaya muke zama,
ni nake ara masa biro.
Ya taɓo tarihi, ya taɓo duniya,
murya kamar an shafe ta da man kwakwa.
Da lasifika ta iso hannuna sai harshena ya yi nauyi.
Na ce, famfo.
Aka kwashe da dariya.
Na sake cewa, famfo.
Can baya wata yarinya mai jar laima
ba ta yi dariya ba.
Ita na yi wa sauran jawabin.

Daren ƙidaya aka ɗauke wuta.
Malama Thresiamma ta kunna fitilar wayarta,
tana buɗe takardu tana kira:
Vaishakh. Nimisha. Vaishakh. Vaishakh. Nimisha.
Lalatacciya.
Ta ɗaga ta kowa ya gani.
Mai ita bai zaɓi kowa ba,
famfo ya zana, da ɗigo ɗaya yana shirin faɗowa.

Ɗari huɗu da sha biyu.
Ɗari huɗu da biyar.

Bakwai.
A jirgi na yi ta neman su cikin duhun ruwa:
biyu da zazzaɓi ya kwantar,
ɗaya da ta tafi bikin yayarta a Kottayam,
mai zanen nan,
sauran ukun ban san fuskarsu ba,
wataƙila na sha shayi da su.
Baba bai tambaye ni komai ba.
Sai da ya ɗaure igiya ya dubi gefen fuskata,
ya ce, kunnuwan nan sun sha iska, ya isa haka.

Washegari ga Vaishakh a shagon shayi,
furannin wuyansa sun fara yaushi,
ganguna sun koma gidan masu su.
Ya daɗe yana juya kofi.
Ya ce, littafin nan naki mai shuɗin bango...

Na bar shi ya jira har shayina ya huce.
Sannan na tura masa a kan tebur,
na ce aro ne.

Ban taɓa ganin biron da na ara masa ya dawo ba.
Shi ya sa tun cikin dare
na kwafe shi tas a wani sabo,
na bar shafuka ashirin farare a ƙarshe.